Kwalliyar da za ta kai ƙarshen wasa: nasiha ga 'yan matan Malanville

Ƙannena, ku matso mu yi maganar da yawancin iyaye mata ba sa tsayawa su yi da ku, don a ganinsu duk wadda ta koya muku riƙon jagira ta taya ku lalacewa ne. Ni ban ɗauke ta haka ba. Na daɗe ina yi wa amare ƙunshi da kwalliya a garin nan, kuma na san ko an koya muku ko ba a koya ba, ranar da aka ce mawaƙi ya sauka, ko aka kafa lasifika da daren Sallah, ko aka kira ajon biki, za ku shiga ɗaki ku tsaya gaban madubi. Tunda haka ne, gara ku yi abin da sani.

Ga abin da idona ya saba gani. Ƙarfe tara na dare kowace yarinya kamar ita ce amaryar. Kafin sha biyu hoda ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kwalli ya gangaro kumatu, jan baki kuwa ya ƙaura ya koma bakin ledar ruwan sha. Sai ku ga yarinyar da ta kwashe awa biyu tana zane ta raɓe a bayan taro tana goge fuska da bakin gyale, waƙar Hamisu Breaker ko ta Fati Nijar da ta kwana tana jira tana tashi, ita ko tana neman duhu. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Washegari sai ta ce kayan ne ba su da kyau, ko ba ta shafa da yawa ba, wani karon ta ninka. Nan ne kuskuren yake. Masu koyar da kwalliya a TikTok da YouTube mafi yawansu a ɗaki mai na'urar sanyi suke zaune, a Landan ko Dubai ko Legas, kuma da an kashe kyamara sun wanke. Ku kuwa a Malanville kuke, garin da zafin watan Afrilu yakan haura maki 40, garin da ke kwance a bakin Kwara, inda da damina iska kan yi nauyi har zufa ta ƙi bushewa a jiki. Kafin ki isa filin wasa kin hau kabu-kabu kin sha ƙurar manyan motoci. A filin kuma ga fitilu, ga turereniya, ga rawa. Fuska abu biyu take fitarwa: zufa da maiƙo. Zufa tana ɗaga abin da kika shafa daga ƙasa, maiƙo yana narkar da shi. Duk yadda kika ƙara kauri, kin ƙara abin da zai zame ne kawai. Ku tambayi magina: yaɓe mai kauri da aka maka wa bango lokaci guda shi ne ruwan farko ke zubarwa, wanda aka bi a hankali, siriri bisa siriri, ana barin kowane ya sha iska, shi ke shekara.

In kuna son ganin kwalliya mai ɗaukar ido da ke jure rana, ku dubi samarin Woɗaaɓe a wasan Gerewol, irin wanda ake yi wajen Ingal a Nijar idan damina ta ja baya, cikin watan Satumba. Maza ne, ba mata ba, kuma sukan tsaya a jere suna rawa awanni cikin rana. Fuska ja ko rawaya, leɓe baƙi ƙirin, ido zagaye da kwalli, layi guda mai haske ya sauko daga goshi ya bi karan hanci har haɓa. Daga nesa ake hango su. Abin da ke sa a hango su launi ne da ya bambanta da na kusa da shi, da layi mai tsafta: baƙin leɓe ya fito da farin haƙori, kwalli ya fito da farin ido. Ban ce ku kwaikwayi abin da suke shafawa ba. Dabarar nake so ku ɗauka.

Kwalliyar wasa kwana biyu kafin wasa take farawa, kuma daga hannu da ƙafa. A duk kayan adon da muke da su babu mai daɗewa kamar lalle, babu kuma wanda zufa ba ta iya komai da shi kamarsa. Dalili shi ne launinsa yana shiga ya kama fatar sama ne, ba zama yake a kanta ba, sai fatar ta saɓe da kanta bayan mako biyu ko uku. Ranar da aka cire shi yakan yi ruwan lemo, sai ya kwana biyu yake nuna ya yi ja sosai. Saboda haka mai wasa ran Asabar, ran Alhamis take ƙunshi. Kakanninmu da ke zura hannu cikin zunguru su kwana da shi sun san haka tun kafin a zo da zanen fulawa. Kuma a wurin rawa hannu ake gani kafin fuska, ke dai ki ɗaga shi ƙarƙashin fitila ki gani.

Amma akwai wanda ake kira baƙin lalle, kuma a kansa zan daɗe, don da hannuna na yi ɓarna da shi. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin rabin awa, sau da yawa rinin gashi ne aka haɗa, mai sinadarin da ake kira PPD, wanda aka yi don gashi, ba don a zana shi a fata a bar shi ya jiƙa ba. Wata shekara, ana gobe ɗaurin aure, na sayi irin wannan a kasuwa don ƙawayen amarya sun yi yawa, lokaci ya ƙure. Duka suka tafi suna murna. Bayan kwana huɗu uwar ɗaya daga cikinsu ta riƙo hannunta ta kawo mini ita. Duk inda zanena ya bi ya kumbura ya ɗuri ruwa kamar ƙuna, ganye bayan ganye, fure bayan fure, babu inda ya kuskure. Da ya warke sai tabon ya zauna da siffar zanen har tsawon watanni. Uwar ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, dubi aikinki." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ma'aikacin asibiti ya gaya musu ya fi tabon muni: jikin da ya taɓa ƙin wannan sinadari ya ƙi shi ke nan, ko nan da shekara ashirin ta rina gashinta yana iya tasowa, fuska da fatar kai su kumbura. Sauran ƙawayen kuwa ko ƙaiƙayi ba su ji ba, shi ya sa masu sayarwa ke rantsuwa cewa lafiya lau ne. Ba ki san ko ke ce ɗayar ba sai ya same ki. Idan mai ƙunshi ta buɗe roba kika ji warin rinin gashi, ko ta ce minti ashirin ya isa, janye hannunki. Jan lalle da aka bari ya kwana ya fi kyau a fatarmu ma.

Sai kwalli. Na san matsayinsa a addini da al'ada, na san tandun da kowace uwa ke ajiyewa, kuma ban ce a daina sa kwalli ba. Abin da nake cewa shi ne dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, da yawansa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan 'yan Najeriya. Da aka bincika gidan sai aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda Yarbawa ke kira tiro, mu muke cewa tozali. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Ƙarfen nan shi ne wanda ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, sa'ad da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Kwalli ba ya kisa irin wannan, a hankali yake taruwa: yatsa ya murza ido ya shiga baki, hawaye ya bi hanci ya gangara maƙogwaro. Wanda ya fi cutuwa ƙaramin yaro ne da ɗan da ke ciki, don ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ku da za ku zama iyaye gobe, ku riƙe wannan. Na daren wasa kuma, ko ba don lafiya ba, garin kwalli ba ya jure zufa. Ki nemi fensirin ido na kamfanin da aka sani, wanda ruwa ba ya wankewa, ki ja layi, ki bi kansa da ɗan garin launi baƙi da siririn buroshi ki danne. Wannan dannewar ita ce ke hana shi gangarowa.

Tunda mun zo kan saye, kasuwarmu ba ƙaramar kasuwa ba ce. Bayan Dantokpa ta Kwatano ita ake fara ambata a Benin, kuma ba abin da ba a kawowa. Ko lokacin da aka rufe gadar kan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, mutanen Gaya da ke tsallaken kogi ba su daina zuwa ba, kwale-kwale suka koma. Amma ku tuna jan bakin da ke kan tebur ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano cikin bayan mota, ko ya biyo ta wajen Kamba daga Kano, sannan ya zauna cikin rana yana jiran mai saye. Ki buɗe ki shinshina. Idan yana warin tsohon mai, ko ya yi gumi a jikinsa, ko ruwan fandeshan ya rabu mai a sama guɗaji a ƙasa, ajiye. Ki duba bayan kwalba, akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M, ma'ana wata 6 ko 12 bayan an buɗe. Maskara kuwa wata 3 ne kwananta, kada ki tofa mata yawu ko ki ɗiga ruwa don ta bushe. Kayan Najeriya ki nemi lambar NAFDAC, ko da yake ita ma ana buga ta jabu. Araha ba ta ado. Da ki tara jan baki goma masu araha, gara ki haƙura ki sayi guda mai kyau, ya kai ki Sallah biyu.

To ranar ta zo. Abu na farko da babu mai faɗa muku a waya shi ne alwala. Kwalliyar da ruwa ba ya ratsawa, ruwan alwala ma ba ya ratsa ta, haka jan farce. Lalle launi kawai yake bari, ba ya tare ruwa, shi ya sa malamai ba su da magana a kansa. Saboda haka ki yi sallar isha'i tukuna, sannan ki zauna gaban madubi. Ba ki makara ba, wasan garin nan ba ya ɗaukar zafi kafin goma, kuma kwalliyar da aka yi bayan rana ta faɗi ta fi wadda aka yi da la'asar kwana.

Ki wanke fuska da ruwan sanyi, ki shafa mai marar nauyi ɗan kaɗan, ki ba shi minti goma ya shige. Man kaɗanya abin alfaharinmu ne, amma zafin jiki kaɗai yana narkar da shi, duk abin da kika ɗora a kansa tare za su zame. Ki bar shi sai an dawo. Fandeshan kuma ba fuska duka ake yi wa ba, inda ke da tabo ko duhu kawai, ki ɗiga, ki bi da soso mai ɗan danshi kina dannawa, ba gogawa ba. Ki gwada launinsa a kan muƙamuƙi, ki dubi wuyanki, wanda ya ɓace a tsakaninsu shi ne naki. Yawancinku kuna sayen wanda ya fi ku haske da gangan, sai a ga fuska Balarabiya wuya Badandiya, kuma da zufa ta taɓa shi yake komawa toka-toka. Hoda ki danna ta a goshi da hanci da haɓa, inda maiƙo ke fitowa, ki kaɗe sauran. Farar hodar nan da ake barbaɗawa ƙarƙashin ido, a madubi ba a ganinta, amma da an haska fitilar waya za ta fito fat kamar kin faɗa buhun fulawa. Kafin ki fita ki sa ƙanwarki ta ɗauke ki hoto da fitila a tsakar gida. Hoton ba ya jin kunyarki.

Masu bilicin, ku yi haƙuri, ba zan tsallake ku ba. Mayukan nan masu zaiba da sauran sinadarai masu ƙarfi suna sa fata ta yi siriri, ta riƙa ja, ta yi ƙuraje, rana ta ƙona kumatu su yi baƙi. Irin wannan fatar ba ta riƙe kwalliya, kuma zafin fitila yana sa ta raɗaɗi a ƙarƙashin hoda. Ba banza Kwaddibuwa ta haramta su a 2015 ba, Gana ta biyo baya a 2016. Ku dubi Angélique Kidjo, 'yar ƙasarmu, haifaffiyar Ouidah a 1960, ta hau manyan dandamalin duniya da fatar da Allah ya ba ta, ɗaurin kallabi da jan baki suka ishe ta.

Yanzu sai inda za a yi ƙarfin halin. Ki zaɓi wuri ɗaya, ido ko baki. Idan kika ƙawata duka biyun, ga gira mai faɗin yatsa, ga kumatu ja, ga ƙyalƙyali, ido bai san inda zai sauka ba. Baƙar fata tana son launi mai nauyi: ruwan zinariya, jan gaci, kore irin na ganyen mangwaro, shuɗi irin na baba. Launuka masu fari-fari da aka yi don Turawa a kanmu kamar ƙura suke zama. Idan ido kika zaɓa, ki fara shafa wa fatar ido ɗan fandeshan ki danne da hoda, sannan launin ya biyo, zai kama kuma ba zai taru a lanƙwasa ba. Idan baki ne, ki cika leɓen duka da fensiri, ba gefe kaɗai ba, ki shafa jan baki, ki danna da tishu, ki sake shafawa. Ko na saman ya tafi, na ƙasan yana nan. Mai sheƙin nan kamar an lashi mai, na hoto ne, ba ya kai waƙa ta uku. Ni dai a ganina jan baki mai duhu irin na zoɓo da aka dafa da kyau, da layin kwalli guda, da ɗauri mai tsayi, sun fi duk wani zane da na gani a waya. Sauran ƙarfin ki bar wa atamfa da ɗan kunne da turaren wuta, su ba sa narkewa.

Da hunturu lissafin yana juyawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu zufa ba ita ce abokiyar gaba ba, bushewa ce. Hoda ta yi yawa fuska ta yi furu-furu, jan baki ya shiga tsagar leɓe. Lokacin ki rage hoda, ki kwana uku kina shafa wa leɓe man kaɗanya da dare.

Gashin ido na kanti, idan dole sai kin sa, da gam ɗinsa ake liƙa shi. Na ji ana amfani da gam ɗin gashin kai, har da na liƙe takalmi. Garin neman gira ake rasa ido, kuma a nan ba karin magana ba ne.

A filin wasa abu uku suka ishe ki a jaka: tishu, 'yar hoda, jan bakinki. Zufa ta zo, ki ɗora tishu ki danna ki ɗaga. Gogewa ita ke kwashe komai. Sai fuska ta bushe za ki taɓa hoda, don hoda bisa zufa kwaɓi ne. Kuma kada ki ba da aron fensirin ido ko maskara, ko ga aminiyarki, kada ki karɓa. Ciwon idon nan da muke kira apolo, wanda ya samo sunansa a Gana a 1969 don ya ɓarke a shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, hannu da tawul da irin waɗannan kaya yake bi. Fensiri ɗaya yana iya zagaya ƙawaye bakwai a dare guda, bayan kwana biyu duk unguwa ta sa baƙin tabarau. Idan wurin mai kwalliya za ki, ki dubi buroshinta. In ba ta wanke su tsakanin fuska da fuska, tafi da naki, kada ki ji nauyi. Mu masu sana'ar mun san gaskiya ce, ko mun ɓata rai.

Kada kuma ki fita a ɓoye. Ki faɗa a gida, ki tafi da yayarki ko ƙawayen da aka sani, ku dawo tare, ruwan da za ki sha ki buɗe shi da hannunki. Kwalliya mai ɗaukar ido tana jawo idon kirki da wanda ba na kirki ba, kuma garin kan iyaka ne, baƙi ba sa yankewa.

Kin dawo ƙarfe ɗaya, ƙafa na ciwo, katifa na kira. Nan ne 'yan mata da yawa ke cin amanar fuskarsu. Abin da aka yi don ya jure zufa, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, sabulu ma sai an dirza, dirzawar kuma ita ke baƙanta zagayen ido. Mai ne ke narkar da shi. Yanzu ne lokacin man kaɗanyar da na ce ki ajiye: ki murza shi a tafin hannu ya narke, ki shafe fuska da fatar ido a hankali, ki share da auduga ko tsumma mai laushi, sannan ki wanke da sabulu marar kaifi. Minti biyar ne. Wadda ta kwana da kwalliya, ƙurar filin wasa da maiƙo da hoda sun kwana a ramukan fatarta, bayan kwana uku ƙuraje su fito, ta sayi fandeshan mai kauri don ta rufe su, daga nan kuma sai mai sayar da man bilicin ya same ta. Na ga 'yan mata kyawawa da yawa sun bi wannan hanyar, kuma daga dare ɗaya na ƙyuya ta faro.

Don Allah ƙannena, wanda ke kan fuska kada ya ga asuba. Ku wanke kafin ku kwanta, ko ladan ya kira ku tashi ruwan alwala ya sami fata. Wadda kuma ke da ƙanwa jaririya a gida, ta kai wa Inna maganar tandun nan da ladabi, yau ba sai gobe ba.